Yadda Muka Kori Mai Ruwa Daga Ƙungiya

Aikin da na fi daɗewa a kai shi ne tsaron layin motoci a tasha, can Kawo. Motar da ta fara zuwa ita ke fara lodi, ko ta wace ce. Karatuna bai yi nisa ba, amma kowa a unguwa ya san ba na son hargitsi, don haka da muka kafa ƙungiyar taimakon al'umma a Hayin Banki ba a yi gardama ba wajen ba ni muƙamin mai ladabtarwa. Ni ke hana surutu a taro. Ni ke tsayar da wanda ya makara a bakin ƙofa har a gama addu'a. Wayar da ta yi ƙara kuwa, a aljihuna take ƙarasa taron.

Muna zama ranar Lahadi bayan la'asar, a wani aji na makarantar firamare, manya da gemu a kan bencin yara. Cikinmu akwai ma'aikatan gwamnati, akwai direbobi, akwai tela, akwai masu shago. Aikinmu shi ne yashe kwatoci kafin damina, share maƙabarta, duba marasa lafiya a asibiti, da tallafa wa wanda wata masifa ta faɗa wa. Ciyaman ɗinmu Bazazzage ne da ya yi ritaya daga ma'aikata, mutumin kirki, sai dai idan ya miƙe ya ce zai yi magana a taƙaice, masu shago kan aika a rufe musu.

A wata shekara, gab da Babbar Sallah, wata tifa tana ja da baya ta taka kurar wani mai ruwa. Allah ya kiyaye, shi ba ya riƙe da ita, ya shiga wani gida juye jarka. Amma kura ta zama faifai, jarkoki suka fashe, mai tifa kuma ya yi gaba. Mai ruwan nan dattijo ne, daga wani ƙauye na ƙasar Kano ya zo, kuma ya daɗe yana shayar da layi guda a unguwarmu. A layin akwai gidajen ma'aikata, akwai mai wanki da guga, sannan a bakin layin akwai wata mai abinci da ke sayar da shinkafa da wake ga masu tafiya ofis. Ita ce babbar kwastomarsa, kuma ita ce bakin layin: wanda ta saya a wajensa, a wajensa sauran gidaje ke saya. Layin nan shi ne gonar mai ruwa. Da shi yake ciyar da iyalinsa a gida.

Ya koma ɗaukar jarka biyu a sanda bisa kafaɗa, kamar yadda ake yi a da. Abin bai yi masa sauƙi ba, ga shekaru, ga nisan bohol. Sannan ga wani sabon mai ruwa, ƙaƙƙarfa, da kura mai sabbin tayoyi, ya fara ratsa layin yana buga jarka ko ba a kira shi ba.

Tela ne ya kawo maganar a taro, aka amince a saya wa dattijon sabuwar kura. Hanyar tara kuɗinmu kuwa ita ce fatun layya. Na tsara yadda za a bi: a fara da Hayin Banki, a wuce Kawo, a ƙare da Abakpa inda muke da 'yan uwa da abokan aiki. Ranar Sallah muka fita da buhuna da baro. Wahalar ita ce ba mu kaɗai ke nema ba. Kwamitin masallaci na nema, makarantar Islamiyya na nema, kuma su tun kafin a kayar da rago suke tsaye a ƙofar gida. Wani magidanci ya ce mana ya riga ya yi wa masallaci alƙawarin fatar, amma ga ƙafafu idan muna so. Fatar sa kuwa ba wanda ya ba mu, duk an babbake an yi ganda. Wasu suka ba mu fatun da masu koyon fiɗa suka huhhuda, har kana iya hango mutum ta cikinsu.

Duk da haka mun tara da yawa, kuma tunda ni ne mai zaure, a zaurena aka jibge su, aka barbaɗe da gishiri. Ban san ƙudajen Kaduna sun kai haka yawa ba. Mai ɗakina ta daina bi ta zaure, ta koma fita ta ƙofar maƙwabta.

Ta ce, "Malam, wannan taimakon al'umma ne, ko mu ba al'umma ba ne?"

Na ce mata ta yi haƙuri, akwai lada.

Ta ce, "Ladan ma ai ba zai iya shigowa ta zauren nan ba."

Ma'aji ya kai fatun wajen masu saye, matan mambobi suka cika da cinikin zoɓo da kunun aya, aka ba mai walda aiki. Kura ta fito da kyanta, da tayoyi masu kauri da jarkoki sababbi fil. Aka shafa mata koren fenti, aka rubuta sunan ƙungiya a gefe. Aka kawo ta zaurena, inda fatu suka tashi.

A nan ya kamata in yi bayanin wata doka tamu, domin wanda bai san dalilinta ba zai ɗauka wauta ce. A farkon kafa ƙungiya mun taɓa kai buhunan shinkafa wani gidan marayu a asirce, ba sanarwa, don neman lada cikakke. Ba a yi mako ba magana ta zaga unguwa cewa shugabanni sun raba shinkafar a tsakaninsu. Har matar Ma'aji sai da aka yi wa habaici a gidan biki. Tun daga nan muka yi doka: ba abin da zai fita daga hannun ƙungiya zuwa hannun mabuƙaci sai a taron miƙawa, a gaban jama'a, da hannun Uban ƙungiya, a kuma ɗauki hoto. Ni na goyi bayan dokar nan, kuma har gobe ina goyon bayanta.

Uban ƙungiyarmu babban mutum ne, ya riƙe manyan muƙamai a gwamnati, gidansa na Abakpa. Matsalar kawai ita ce samunsa. Muka sa rana, ya tafi Abuja. Muka sake sa rana, aka yi rasuwa a danginsa. Muka sake, gwiwarsa ta motsa. Da gwiwa ta lafa ya tafi Umara. Kowane karo yakan kira Ciyaman ya ba da haƙuri, ya kuma roƙa kada a yi ba shi, domin yana son ya ga dattijon nan da idonsa. Ba za ka iya fushi da mutumin da ke roƙonka haka ba.

Damina ta wuce, ruwan sama da ke rage wa mutane sayen ruwa ya ɗauke. Mai ruwa kuwa kullum da safe, idan ya zo wucewa da sandarsa a kafaɗa, sai ya tsaya a ƙofar zaurena ya yi sallama. Mu gaisa, ya leƙa, ya ce, "Tana nan lafiya, Malam?" In ce tana nan lafiya. Wani lokaci ya sa hannun riga ya goge mata ƙura, ya danna taya ya ji iska, sannan ya saɓa sandarsa ya tafi. Mai ɗakina ta ce ita ba ta taɓa ganin inda ake zuwa zance wajen kura ba.

Wata safiya mai abinci ta tare ni a hanya, da ludayi a hannunta.

Ta ce, "Baba, ku 'yan ƙungiya, kurar nan ado kuka saya ko aiki?"

Na ce mata ana bin tsari.

Ta ce, "Ni tukunyata ba ta san tsari ba. Jarka bibbiyu yake kawo mini, kafin ya dawo wake ya ƙone. Don mutunci nake jiransa, ya ga aurena ya ga haihuwata. Amma wancan mai sabbin tayoyin kullum sai ya yi mini tayi. Idan zafi ya shigo a haka, wallahi ba ruwana."

Maganar ta tsaya mini a rai. Ranar Lahadi na ɗaga hannu, na ba kaina izini, na miƙe. Na ce doka ta hana miƙawa, amma ba ta hana gwaji ba. Duk wanda ya yi aiki a tasha ya san ba a karɓar mota daga gareji sai an zaga da ita. Ta yaya za mu sa babban mutum ya miƙa kurar da ba mu san ko waldarta za ta riƙe ba? A ba mai ruwa ya gwada mana ita, har ranar da Uban ƙungiya zai samu dama.

Aka yi tafi. Sai Sakatare, wanda malamin makaranta ne, ya gyara tabarau ya tuna mana da wata dokar: kayan ƙungiya ba mai amfani da su sai mamba. Ita ma da dalilinta, domin mun taɓa ba da aron rumfarmu ga masu biki, ta dawo da ƙafa uku.

Direba ɗaya daga baya ya ce, "To a mai da shi mamba mana."

Haka aka yi. Tela ya biya masa kuɗin shiga, aka kira shi, ya zo ya durƙusa. Ciyaman ya ce ya tashi, a nan kowa daidai yake da kowa, sannan ya yi masa bayanin manufofin ƙungiya a taƙaice har aka kira magariba. Ni kuma na kafa masa sharaɗi a gaban kowa. Kura ta ƙungiya ce. Ba za ta motsa ba sai da izinina, kuma fita da kayan ƙungiya ba izini laifi ne na kora nan take. Ya ce ya ji ya yarda.

Tun daga nan, kowace safiya sai ya yi sallama ya ce, "Malam, a ba ni izinin gwaji." In ce an ba ka. Da yamma ya dawo da ita a wanke. Layinsa ya dawo hannunsa, mai sabbin tayoyi ya koma ratse daga nesa.

Abin da ba mu zata ba shi ne yadda zai riƙi zama mamba. Ban taɓa samun mamba irinsa ba. Kafin kowa ya zo ya share ajin, ya jera benci, ya cika butoci. Ba shi da wayar da za ta yi ƙara. Aka ɗinka masa 'yar shara da hula irin tamu ta ƙungiya, yakan sa su ko ranar Juma'a. Ranar yashe kwata shi ne a gaba da shebur. Da muka je asibiti dubiya shi ya fi kowa iya zama da marasa lafiya, ba ya gaggawa, ba ya duba agogo. A kowane taro akwai gurbin rahoton gwaji, sai ya miƙe ya cire hula ya ce, "Jama'a, kura dai lafiya lau, ana kan gwadawa." A ce madalla, ya zauna. Har ƙuri'a ya kaɗa a zaɓen mataimakin Ma'aji, kuma na ga yadda 'yan takara ke gaishe shi da hannu biyu.

Da zafin bazara ya kankama, famfuna suka ƙafe, sai ga saƙo daga Abakpa: Uban ƙungiya ya dawo, gwiwa lafiya, zai zo ranar Asabar da safe. Muka kira taron gaggawa. Aka raba aiki, wa zai kawo rumfa, wa zai kawo lasifika, wa zai kira mai hoto. Aka ce a sake wa kura fenti, domin gwaji ya nuna a jikinta. Muna shirin tashi Ma'aji ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ciyaman, wa za a miƙa wa?"

Ciyaman ya ce, "Wane irin wa? Ga shi nan zaune."

Ma'aji ya ce, "Ai mamba ne."

Kowa ya san dokar, don ita ce ta farko da muka fara yi: mamba ba ya karɓar tallafin ƙungiya. Mun yi ta ne bayan wani daga cikinmu ya kawo sunan wani mabuƙaci da aka bincika aka tarar shi ne da kansa.

Sakatare ya ce to ya ajiye zama mamba. Na ce ba zai yiwu ba, ajiyewa sai babban taron shekara ya amince, shi kuwa sai bayan Sallah. Abin da ke aiki nan take kora ce kaɗai, kuma kora a hannuna take.

Direban nan ya ce, "To ka kore shi mana, Malam."

Mai ruwa ya miƙe, hularsa a hannu. Ya ce, "Malam, me na yi?"

Na ce ba ka yi komai ba, kuma ni ba na korar mutum ba laifi. Idan na yi haka yau don alheri, gobe wani zai yi don mugunta. Sai dai a samo laifi na gaskiya. Dambe a taro laifin kora ne, amma ba wanda ya yarda a doke shi. Saura zagin shugaba a bainar jama'a.

Ciyaman ya ce saboda Allah ya yarda a zage shi.

Mai ruwa ya ce, "Ni? In zagi Ciyaman? Mutumin da ya ce in tashi daga durƙuso? Ban ma san me zan ce ba."

Nan fa na sha mamaki. Ashe mutane da guzurinsu. Tela ya ce, "Ka ce masa surutunsa ya fi na rediyo, ita rediyo ana kashe ta." Mai shagon magani ya ce, "Ka ce masa tun da aka kafa ƙungiya hularsa ɗaya." Direba ya ce, "Ka ce ranar yashe kwata kullum bayansa ke ciwo, ranar walima ya warke." Har Sakatare, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce yana da guda biyu. Sai da na buga tebur.

Ciyaman ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ashe haka kuke da ni? To na gode. Shi aka ce ya zaga, ba ku ba."

Aka tsayar cewa a yi komai ranar Asabar a gaban Uban ƙungiya, don kada a ce an yi a ɓoye. Na tsara yadda taro zai gudana: addu'ar buɗewa, zagin Ciyaman, kora, jawabin Uban ƙungiya, miƙa kura, hoto, addu'ar rufewa. Mai ruwa ya bi ni har ƙofar gida yana tambaya ko ba wata hanya. Na ce masa ya zaɓa, ko hula ko kura. Ya ce iyalinsa ba za su ci hula ba.

Ranar Asabar tun da sassafe kura tana filin makaranta, fenti na sheƙi, an ɗaure ta da jan ƙyalle. Wato ran nan mai ruwa bai kai wa kowa ruwa ba, a ranar da kowane gida ke wanki, famfo kuma ko ɗigo. Ya zauna a bencin gaba cikin 'yar shararsa. Rana ta ɗaga, Uban ƙungiya bai iso ba. Mai abinci ta zo ta tsaya a bakin katanga.

Ta ce, "Baba mai ruwa, biki kake ko? Masu cin abinci sun fara zuwa, ko na wanke kwano ba ni da shi."

Ya ce, "Hajiya, yanzun nan, don Allah."

Ta ce, "Yanzun nan ɗin manya ko na talakawa?" Ta juya.

Can sai ga motar Uban ƙungiya. Ya fito da babbar riga da sanda, aka gaggaisa, aka zaunar da shi, Ciyaman ya raɗa masa halin da ake ciki. Ya gyaɗa kai ya ce ya yi aikin gwamnati, ya ga abin da ya fi wannan. Aka yi addu'a. Na miƙe na sanar cewa an zo gurbi na biyu, na ba mai ruwa lasifika.

Ya zo gaban Ciyaman, ya rasa yadda zai tsaya, sai ya durƙusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yafe mini duniya da lahira." Ciyaman ya ce ya yafe, ya ci gaba. Mai ruwa ya nemi ta inda zai fara. Duk abin da aka koya masa ya gudu. Daga ƙarshe ya runtse ido ya ce, "Kai dai... kai dai Bazazzage ne kawai. Dogon Turanci, aljihu ba komai."

Kafin in buɗe baki in yanke hukunci, Ciyaman ya manta da abin da ake yi. Ya zabura ya ce, "Kai, ji bawana! Bakano ne zai gaya mini aljihu? Ku da ko gaisuwa sai kun tambayi riba?"

Mai ruwa ya buɗe ido. Ya ce, "Wa ye bawan wani? Mu muka koya muku sa takalmi."

"Ku da kuka zo Zariya neman karatu kuka koma da buhun barkono?"

"Ai mun ga karatun bai hana ku cin bashi ba."

Fili ya kaure da dariya, har yaran makarantar allo na maƙwabta suka hau katanga. Uban ƙungiya yana share hawaye da bakin riga. Da aka lafa na ce to, an yi zagi a bainar jama'a, saboda haka... Sai Uban ƙungiya ya ɗaga sanda.

Ya ce, "Dakata, Malam. Wannan dattijon mutumin ina ne?"

Aka ce ƙasar Kano.

Ya ce, "Ciyaman kuma Zariya. To ina zagin? Bakano da Bazazzage ai abokan wasa ne tun kakanni. Ko a gaban alƙali ya faɗi wannan ba a kama shi. Ku kuna so a ce a gabana aka kori mutum saboda wasan gado?"

Gaskiya ya faɗa, kuma da a tasha ne aka kawo mini ƙarar irin wannan, korar mai ƙarar zan yi. Dukanmu mun san asalin mutanen nan biyu, amma ba wanda ya haɗa lissafin. Na sanar cewa ba a yi laifi ba, mai ruwa yana nan mamba.

Sai gardama ta ɓarke. Wani ya ce to mai ruwa ya zagi mataimakin Ciyaman, Sakatare ya ce doka shugaba ta ce. Wani ya ce Ciyaman ya sauka na ɗan lokaci a ɗora Bakatsine, a zage shi, sannan ya dawo. Ciyaman ya ce ba inda zai sauka, ya san irin wannan saukar. Uban ƙungiya ya ba da shawarar a kafa ƙaramin kwamiti, kafin nan bari ya gabatar da jawabinsa tunda ya riga ya rubuto. Ya zaro takardu daga aljihu, masu kauri.

Yana cikin gode wa waɗanda suka ba da fatu, unguwa bayan unguwa, na ga mai ruwa ya miƙa wuya yana kallon titi. Na bi idonsa. Mai sabbin tayoyi ne ke wucewa ta ƙofar makaranta, kurarsa cike, ya nufi layin mai abinci, ko buga jarka ba ya yi, alamar kiransa aka yi.

Mai ruwa ya miƙe. Bai dubi kowa ba. Ya je ya kwance jan ƙyallen, ya naɗe shi ya ajiye a kan benci, ya kama hannun kura ya tura.

Na daka masa tsawa. "Kai! Wa ya ba ka izini?"

Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, layina zai tafi." Bai tsaya ba.

Direba ya yunƙura zai tare shi, na riƙe masa riga. Na bar shi sai da tayoyin suka haye dakalin ƙofa suka sauka a titi, domin cikin fili ba a ce an fita ba. Sannan na karɓi lasifika daga hannun Uban ƙungiya, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na ce, "Jama'a ku shaida. Mamba ya fita da kayan ƙungiya ba izini, an kira shi ya ƙi. Na kore shi."

Ban taɓa ganin korar da aka yi wa kabbara ba sai ran nan. Tela ya rungume Ma'aji. Uban ƙungiya ya ce to yanzu sai miƙawa, ina mai karɓa? Aka ce ya tafi bohol. Ya dubi takardunsa, ya dubi rana, ya ninke su ya ce, "To mu je. Na sa mutumin nan ya jira da yawa."

Muka ɗunguma, mu da 'yan shararmu, Uban ƙungiya a tsakiya da sanda, mai hoto na gudu a gaba. Muka same shi ya sa tiyo a jarka. Na sanar da shi cewa an kore shi. Ya ce Alhamdu lillahi, amma bai ɗago ba. A nan, cikin caɓi, Uban ƙungiya ya tattare babbar riga, ya ɗora hannu a kan hannun kura ya ce a madadin ƙungiya ya miƙa. Mai hoto ya ce mai ruwa ya kalli nan ya yi murmushi. Mai ruwa ya ce a ɗauka haka, jarka za ta zuba. Hoton yana nan, ƙeyarsa ce ta fito.

Da jarkoki suka cika muka sa hannu muka taya shi turawa, don akwai 'yar hawa kafin layin. Muka iso ƙofar mai abinci muna haki. Mai sabbin tayoyi ya riga ya juye mata jarka biyu, yana ƙoƙarin sauke ta uku. Ta dube shi, ta dubi mai ruwa, ta dubi dattawan unguwa jiƙe da gumi, har da mai babbar riga da laka a takalmi.

Ta ce, "Ikon Allah. Yau ruwan nawa da 'yan rakiya ya zo?"

Mai ruwa ya ce, "Hajiya, kurar ta zama tawa. Daga yau ba izini, ba taro."

Ta ce, "Ka tabbata? Ba sauran gwaji?"

Ciyaman ya fara cewa bari ya yi mata bayani a taƙaice, ta ce a'a, Alhaji, ta yarda. Ta sallami mai sabbin tayoyi da haƙƙin jarkokinsa biyu, ta ce masa ya mai da ta ukun, mai layin ya dawo. Sannan ta buɗe murfin randa ta ce, "Baba, zuba. Ka yi sauri, mai wanki ma tun ɗazu yake leƙe."

Ya juye mata, ya saɓa jarka ya shiga gida na gaba da sallama. Muna tsaye a titi na tuna wa Ciyaman cewa ba a yi addu'ar rufewa ba, kuma rumfa da bencuna suna can fili ba mai tsaro.